Awa Shida Aka Ce

Iya da bakinta ta ce a sa ta a ɗakin ajiya. Wannan shi ne abin da ya fi ci mata rai daga baya, don duk sanda ta buɗe baki za ta yi magana, sai a tare ta da, "Ai ke kika ce, Iya."

Ranar wata Talata aka kai ta asibiti ɗaukar hoton ƙirji. Wata uku tana fama da tari mai jan ƙirji. An yi hoton farko an ga wata inuwa a huhunta, likita ya ce sai an yi babban hoto, irin wanda ake fara yi wa mutum allura. Ɗanta ne ya kai ta, wanda unguwa ke kira Injiniya saboda shi ke ja wa gidajen mutane wayar lantarki. Suka bi wani dogon lungu a ƙasan asibitin har bakin wata ƙofa mai nauyi da aka manna wa alama rawaya mai fukafukai uku kamar fanka. Injiniya ya karanta rubutun da ke ƙasan alamar, ya sake karantawa, ya ja baya taku ɗaya.

"Nukiliya fa aka rubuta, Iya."

"To mene ne? Ni dai yunwa nake ji, tun jiya aka hana ni sa komai a baki."

Ma'aikaciyar wurin wata gajeruwar mata ce mai fara'a, kowa Sista yake ce mata. Ta zo da sirinji a cikin wani kwanson darma mai nauyi, ta nemi jijiya a hannun Iya tana yi mata bayani.

"Mama, ruwan sukari ne, amma an sa masa wani ɗan haske da ido ba ya gani. Shi ciwo mayunwaci ne, ya fi lafiyayyen nama wawurar sukari. Duk inda ya tara shi, nan na'ura za ta ga yana walƙiya, sai mu san inda ɓarawon ya laɓe."

"Ashe ciwo ma kwaɗayi gare shi. Halin jikata ke nan sak."

Aka bar ta awa guda a kwance, ba magana ba motsi. Sannan aka ɗora ta kan wani siririn gado da ya riƙa shigewa da ita cikin wani ƙaton zobe fari, kamar bakin rijiya da aka kwantar a gefe. Ba zafi, ba komai, sai ɗan gurnani. Da aka gama, Sista ta rako ta har wurin ɗanta.

"Ta sha ruwa da yawa, fitsari zai fitar da shi, sauran kuma da kansa yake mutuwa. Amma yau, awa shida, kar ta ɗauki ƙaramin yaro, kar ta zauna jikin mai ciki. Shi ke nan. Ku dawo nan da mako uku ku ga likita."

A motar haya Injiniya ya shiga gaba, ya bar ta ita kaɗai a baya. Ba ta kawo komai a ranta ba.

To a gidan akwai duka biyun da aka faɗa. Matar Injiniya na da cikin wata bakwai, ga kuma 'yarsu mai shekara uku, wadda Iya ke kira ƙawata har sunan ya bi ta, kowa na ce mata Ƙawa. Tun da aka yaye ta a gadon Iya take kwana. Tana jin muryar kakarta a bakin ƙofa ta sheƙo da gudu, hannu a buɗe.

"Riƙe ta! Riƙe mini ita!" in ji Iya, tana ja da baya tana dariya. "Ƙawata, yau ba runguma sai da yamma. Ku share mini ɗakin ajiya in kishingiɗa can zuwa magariba, don na san wannan ba za ta bar ni ba."

Ɗakin yana can bayan gida, gefen famfo da igiyar shanya. Ciki akwai naɗe-naɗen waya, da mataccen firji, da bokitan fenti da suka bushe, da taga guda can sama wadda ko kan mutum ba zai shiga ba. Tsakanin bayan gidan da cikin gidan akwai ƙofar ƙarfe. Aka shimfiɗa mata katifa, ta sha ruwa kofi biyar, ta yi barcinta.

Da rana ta faɗi ta naɗe mayafinta ta zo ta tura ƙofar tsakiyar. A kulle.

"Babana," haka take kiran ɗan nata, "awa shidan ta cika har da ɗoriya."

"A bari dai sai da safe, Iya. Ba a wasa da irin wannan abu."

Ta ga gaskiyarsa. Ta koma.

Da safe surukar ce ta leƙo ta tagar kicin, ta ɗaga waya sama tana nuna mata wani bidiyo daga nesa: wani gari ne wai da mutane suka watse suka bari, ciyawa ta cinye gidaje.

"Kin gani, Iya? Irin abin da suka ɗura miki ne ya yi wannan. An ce shekara ɗari bai fita daga ƙasa ba, balle jikin mutum."

"'Yata, ni awa shida aka ce mini."

"Su ai haka suke faɗa don kar mutum ya tsorata. Ni ba don kaina ba, don abin da ke cikina ne. Jininki ne fa."

Iya ta juya ta koma ɗakin ajiya. Jininta ne.

A rana ta uku Injiniya ya ce zai raba gardama. Ya fito da tastarsa ta aiki, wani abu kamar alƙalami mai ƙiba, wanda in an kai shi kusa da waya mai wuta sai ya yi ja ya kama kuka. Ya ce Iya ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ajiyar, ta dafa jikin ƙyauren, kar ta fito. Ya miƙo hannu daga nesa kamar mai ba kare mai cizo abinci, ya kai bakin tastar kusa da yatsunta.

Pii-pii-pii-pii!

Surukar ta dafe ƙirji ta ja Ƙawa baya. Ita kanta Iya sai da ta janye hannu daga ƙyauren. Ta dubi hannun nata, hannun da ta sani shekara sittin da ɗoriya, kamar na wata.

"Kin ji da kunnenki," in ji Injiniya. "Da saura. Duk ranar da tasta ta yi shiru, da kaina zan buɗe miki ƙofa."

Daga nan aka ware mata kofi da kwano da cokali, aka ɗiga musu jan fenti. Abinci kuwa a kan wani kifaffen bokiti ake ajiye mata a tsakar wurin, a ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen sau biyu bayan an rufe, alamar ta fito ta ɗauka. Kowace safiya kafin ya fita aiki sai ya zo ya yi awo a bakin ƙofar, kowace safiya tasta sai ta yi kuka.

Maƙwabciyarsu mai sayar da ƙanƙara, wadda kullum da la'asar take zuwa su baje hira, ta daina shigowa. Sai dai ta taka turmi ta leƙo ta saman katanga, ta toshe hanci da gefen gyale.

"Iya, wai da gaske in duhu ya yi kina haske?"

"Ƙwarai. In an ɗauke wuta ki aiko a ɗauke ni in kunna miki firji."

Mai ƙanƙara ta yi dariya har ta kusa faɗowa, amma ba ta sauke gyalen daga hancinta ba. Bayan kwana biyu leƙen ma ta bari.

Duk wannan Iya za ta iya haɗiyewa. Na Ƙawa ne ya tsaya mata a wuya. Kwanakin farko yarinyar kwanciya take a ƙasa ta bayan ƙofar ƙarfen, ta zuro yatsu ta ƙarƙashi, tana kira, "Kaka, taɓa ni." Iya ta durƙusa ta wannan ɓangaren, ta ɓoye hannuwanta a hammata don kar su ci amanarta, ta yi mata waƙa ta ramin makulli. Rana ta biyar ta ji ƙarar mari, ta ji an fizge yarinyar, sai muryar surukar.

"Ban hana ki ba? Kaka wuta gare ta a jiki! Ta taɓa ki ƙonewa za ki yi ƙurmus, gashinki ya zube!"

"Haba 'yata, kar ki gaya mata haka."

"To yaya zan yi, Iya? Ba ta jin magana sai da tsoro."

Washegari Ƙawa ta kira daga nesa, ba ta zuro yatsu ba. Bayan kwana uku ta daina kira. Iya takan kasa kunne ta ji ta tana wasa a ciki, tana yi wa 'yar tsanarta faɗa: "Kar ki je baya, akwai wuta."

A mako na biyu ta fara jin ana jan kaya a ɗakinta na cikin gida. Ta san kukan ƙafar gadonta a kan siminti kamar yadda ta san tarinta. Da yamma sai ga tufafinta a buhuna uku an jingine kusa da bokitin abinci.

"Babana, wannan fa?"

"Kayan da kika taɓa ne. An ce abin yana kama tufa."

"Waɗannan tun kafin a yi allurar rabona da su."

"Ai jiki ɗaya ne, Iya."

Da safe warin sabon fenti ya biyo iska har ɗakin ajiya, ya tayar mata da tari. Ta tagar kicin ta jiyo surukar tana waya da 'yar'uwarta: shuɗi mai haske suka zaɓa, gadon jariri zai zauna ta gefen taga, ga wurin kujerar baƙi, ɗakin ashe yalwa gare shi da aka fitar da tarkace.

Tarkace. Iya ta juya kalmar a bakinta ta dubi mataccen firjin da ke gefenta.

Sai kuma ga wanki. Surukar ta ce bayanta ya riƙe, likita ya hana ta sunkuyo, ga Iya zaune ba abin yi ga famfo a gabanta, ai motsa jiki ma magani ne. Aka fara turo baho cike da kaya ta ƙofar ƙarfen: rigunan aikin Injiniya, zanin gado, 'yan kanfan Ƙawa, har da sababbin kayan jaririn da ba a haifa ba, wai a ɗauraye musu ƙurar kanti.

"'Yata, hannun nan da ba ya taɓa yarinya, shi zai taɓa kayan jariri?"

"Ai ruwa da sabulu suna kashe shi."

"To in yi wanka da sabulun mana in shigo."

"Na cikin jini daban, Iya."

Ta yi wankin. Rigar Ƙawa ta ƙarshe takan bari, ta daɗe tana shinshinawa kafin ta tsoma a ruwa.

Wani abu ya fara yi mata yawo a kai. Safiya biyu da aka tashi ba wuta a unguwar, Injiniya bai zo awo ba. Ta tambaya, ya ce batirin tastar ne ya yi sanyi. Wuta na dawowa batiri ya warke.

Ranar kwana na goma sha bakwai tana lalube aljihun rigarsa kafin ta jiƙa, sai ta ji abu mai tauri. Tastar ce, ya manta ta. Ta goge hannunta a zani, ta danna maɓallin yadda ta ga yana yi, a nan tsakiyar fili gindin igiyar shanya. Ta kai bakin abin kan yatsunta.

Shiru.

Ta kai damtse, inda aka yi allurar. Shiru. Ta kai ƙirji, daidai inda tarin ke ci. Ta kai goshi, ta kai har cikin baki. Shiru kake ji. Ta ce to, ko ta lalace ne. Ta taka a hankali zuwa ɗakin ajiyar, ta tsaya nesa, ta miƙa ta jikin ƙyauren ita kaɗai.

Pii-pii-pii-pii!

Ta ɗaga kai. Wata baƙar waya mai kauri ta sauko daga mitar wuta ta bi gefen ƙofar, an lulluɓe ta da fenti. Da hannunsa Injiniya ya ja ta, Iya na zaune a wurin nan tana miƙa masa ƙusa.

Iya ta zauna a ƙasa daɓas. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna har inuwar katanga ta rufe ta, kayan wanki na jiƙe a baho.

Da ya dawo ta kira shi. Ya fito bayan gidan ya tsaya nesa kamar kullum. Ta sa tastar a hannunta a gabansa, shiru. Ta kai ƙofa, ta yi kuka.

"Babana, ƙofar ma allura aka yi mata?"

Ya yi tsuru-tsuru. Ya dubi tagar kicin inda matarsa ke tsaye, ya dubi ƙasa.

"Kwana goma sha bakwai kina dafa ta, Iya. Jikinki ne ya shafa mata."

"To ni da na shafa mata me ya sa ban yi kuka ba?"

"Ba ki iya riƙewa ba ne. Aikin nan karatu gare shi." Ya miƙo leda a buɗe. "Jefo ta nan. Saura kwana huɗu a koma asibiti, a bari likita ya faɗa da bakinsa. Kar a yi gaggawa a yi da-na-sani."

Ta jefa masa. Ta lura da ledar ya karɓa, har yanzu, shi da ya san komai.

Ranar komawa ya sake shiga gaban mota. A lungun nan na ƙasan asibiti suka ci karo da Sista ta fito da fayil a hannu.

"A'a, Mama mai jika mai kwaɗayi! Ya ƙarfin jiki?" Ta kamo hannun Iya da hannu biyu, ba safar hannu ba komai.

Iya ta fizge kamar ta taɓa garwashi. "Kar ki taɓa ni, 'yar nan!"

Sai kuma ta tsaya. Ɗumin tafin matar bai bar bayan hannunta ba. Mako uku cur, wannan ne karo na farko da fatar wani ɗan Adam ta taɓa tata. Nan ne hawayen suka zo, a tsaye, a gaban mutane.

Sista ta ja ta gefe ta zaunar da ita, ta saurara har ƙarshe. Fara'ar fuskarta ta ɗauke. Ta yafito Injiniya.

"Malam, me na gaya maka ranar?"

"Kin ce a yi hankali."

"Awa shida na ce. Kafin gari ya waye babu abin da ya rage a jikinta da zai cutar da ko ƙuda. Ni da nake yini da abin nan kullum, 'ya'yana uku, ina komawa gida in goya su. Kuma wace tasta ce ta lantarki take jin wannan? Kai ba aikinka ba ne?"

"Mun yi ne don kariya. Akwai mai ciki a gidan."

"Akwai mara lafiya ma a gidan."

Likita ya nuna musu hoton a allon kwamfuta: jikin Iya a tsaye, toka-toka, da wani ɗigo guda mai haske a huhun dama, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce an gode Allah bai bazu ba, akwai magani, amma zai ɗauki watanni kuma zai galabaitar da ita. Tana bukatar ɗaki mai iska, ba ƙura, ba warin fenti, da mutum kusa da ita. Ya rubuta a takarda cewa ba ta da haɗari ga kowa, ya buga hatimi, Sista ta danƙa wa Iya a hannu, ba ɗan ba.

A hanya Injiniya ya juyo daga gaban mota. "Kin ji dai an ce ba a son warin fenti. Ɗakin can kuwa bai bushe ba. Kuma jariri na zuwa, ga kuka, ga baƙi. Baya ya fi miki shiru. Zan fasa miki taga babba."

Iya ta ninke takardar likita a tafinta. Ɗaki ba shi ne a ranta ba. Su riƙe ɗakin, su riƙe shuɗin fentinsu. Ita abu ɗaya ta ƙudura tun daga asibiti har ƙofar gida.

Ta ƙofar gaba ta shiga, ba wanda ya hana ta. Ta miƙa wa surukar takardar, surukar ta karanta ta taɓe baki ta ce, "To, alhamdu lillahi." Ƙawa na zaune a tsakar falo tana shirya murafun kwalba. Ta yi tsawo. An yi mata wani kitso da ba hannun Iya ba.

Iya ta durƙusa, gwiwoyinta suna ƙara, ta buɗe hannu biyu.

"Ƙawata. Zo. An ce na warke, zo ki ji."

Yarinyar ta ɗago. Ta dubi hannuwan nan da suka yi mata wanka tun tana tsumma. Sai ta ƙwalla wata ƙara da ta tsaga gidan, ta watsar da murafun, ta rarrafa da baya ta shige bayan uwarta ta ƙanƙame zani, jikinta na ɓari.

"Wuta! Mama, wuta! Kar ta taɓa ni!"

"Ba wuta, uwata. Duba, ga hannuna. Babanki ma zai taɓa ki gani. Babana, taɓa ni ta gani."

Injiniya yana tsaye da makullin gida a hannu. Taku biyu ne tsakaninsa da uwarsa. Ya dubi hannun da ta miƙo masa, ya dubi matarsa, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ce ana nemansa a wurin aiki, ya fita yana amsawa.

Surukar ta shafa kan yarinyar. "Kin gani ko, Iya? Mu ba mu hana ba. Ita ce ba ta so. A bi ta a hankali, kar a firgita ta."

Iya ta daɗe a durƙushe, hannu a buɗe. Duk sanda ta motsa, ƙarar yarinyar sai ta ƙaru. Ta ga in ta ƙara minti ɗaya a falon nan, numfashin Ƙawa zai ɗauke don kuka.

Ta dafa kujera ta miƙe. Ƙofar ƙarfen a buɗe take hanhai, yau ba kwaɗo ba sakata, ba mai cewa ta fita. Ta bi ta ciki da ƙafarta, ta juyo ta ja ta a hankali ta rufe, don yarinyar ta samu ta yi shiru.

Da kukan ya lafa, sai ta ji an ajiye kwano a kan bokiti, an ƙwanƙwasa sau biyu.